Masu Tafiya da Masu Isowa: Kallon Tsuntsaye da Ɗaukar Hotonsu a Bazarar Maiha

Ƙaramar Hukumar Maiha tana kudu da Mubi a Jihar Adamawa, jingine da iyakar Kamaru, a daidai inda jerin duwatsun Mandara yake fara lafawa yana gangarawa zuwa kwarin Binuwai, kuma wannan zama nata tsakanin dutse da fadama shi ya sa ta tara tsuntsayen da ba kasafai ake samunsu wuri guda ba. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Mayu, wato daga janyewar hazon hunturu har zuwa saukar ruwan fari, ƙasar takan zama kamar tashar mota ranar kasuwa: wasu tsuntsayen suna haramar tafiya arewa, wasu suna isowa daga kudu, su kuma 'yan gida ƙishirwa ta tattaro su bakin ɗan ruwan da ya rage. A ƙasashen Turai waɗannan makonni su ne farkon lokacin da ƙanƙara ke narkewa itatuwa su yi toho, kuma masu sha'awar tsuntsaye a can sukan fito su tarbi waɗanda suka dawo daga Afirka. Abin da yawancin mutanen Pakka da Sorau da Belel ba su cika lura da shi ba shi ne, wasu daga cikin tsuntsayen da ake wa wannan tarba, makonni kaɗan kafin nan a kan gawon gonakinsu suke kiwo.

'Yan cin rani daga ƙetaren Sahara

Masana sun raba tsuntsayen wannan yanki kashi uku bisa ga yadda suke zirga-zirga. Akwai mazauna, waɗanda ba sa barin ƙasar rani da damina, irin su kurciya da hasbiya da hankaka da ragon maza. Akwai masu ƙaura a cikin Afirka, waɗanda ke bin damina duk inda ta nufa. Akwai kuma waɗanda ke yin sheƙa a Turai da yammacin Asiya, su gudo wa sanyi su shigo ƙasashen kudu da Sahara daga wajen Satumba, su koma a Maris da Afrilu. Babu sunan da ya fi dacewa da waɗannan na ƙarshe kamar 'yan cin rani, domin abin da ke kawo su shi ne abin da ke fitar da matashi daga ƙauye bayan an gama girbi, wato neman abinci a inda yake kafin gida ya sake yin albarka. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan biyu ne ke tasowa daga Turai zuwa kudu da Sahara a kowace shekara.

An daɗe ba a gane wannan al'amari ba, har ma akwai zamanin da wasu malaman Turai suka ɗauka cewa tsattsewa nutsewa take yi cikin taɓo ta yi barci har sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wani babban farin tsuntsu, ɗan'uwan shamuwa, kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka soke a wuyansa, wanda ya ɗauko ya ƙetare hamada da teku da shi. Gawarsa tana ajiye har yau a Jami'ar Rostock. Daga 1899 aka fara sanya wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa a ƙasar Denmark, dabarar da ta bayyana hanyoyinsu dalla-dalla, domin duk wanda ya tsinci tsuntsu mai zobe yana iya sanar da inda ya same shi. Saboda haka yaron da ya kama tsuntsu mai zobe a ƙafa ba abin tsoro ya kama ba, lambar da ke jiki ita ce ake bukata a rubuta.

Abin da ya sa bazara ta fi kowane lokaci daɗin kallon waɗannan baƙi shi ne guzurin da suke yi. Tsuntsun da zai ƙetare Sahara, tafiyar da ta kai kilomita 1,500 ko fiye babu ruwa babu abinci, ba shi da taiki sai jikinsa, don haka yakan duƙufa ga ci har ya tara kitse a ƙarƙashin fata, kitsen da zai ƙona a hanya kamar yadda mota ke ƙona mai. Binciken da aka yi a Malam Fatori, bakin Tafkin Chadi, a ƙarshen shekarun 1960 ya nuna yadda nauyin waɗannan ƙananan tsuntsaye ke hauhawa a Maris da Afrilu, kuma akwai nau'in da kan kusan ninka nauyinsa kafin ya tashi. Wani ɗan mitsitsi mai launin ganye da ke tsince ƙwari a ƙarƙashin ganyaye, nauyinsa a ranakun da ba ya guzuri bai wuce giram 8 zuwa 10 ba, wato kusan dunƙulen magi biyu, amma da wannan jiki yake kaiwa har ƙasashen Sweden da Finland. Tsuntsun da yunwa ta sha wa kai bai cika kula da mai kallo ba, kuma galibin mazan a wannan lokaci sun riga sun sake gashi sun sanya kayan aure. Ɗan tsuntsun nan mai kaɗa wutsiya da ke bin ƙafafun shanun Fulani a fadama yana cafke ƙwarin da kofato ya tayar, wanda ya yi hunturu da launi disashe, zuwa Maris cikinsa ya zama rawaya shar kamar an tsoma shi a rini mai launin ɗorawa. Wani kuma, mai farar gira da ƙirji ruwan goro, ya fi son ya ɗare kan karan dawa da aka bari tsaye a gona, ya sauko ya ɗauki ƙwaro ya koma kan karan da ya taso, kuma wannan ɗabi'a tasa ta sa ya zama mafi sauƙin ɗauka a hoto.

Ba kowace itaciya ce ke jan su ba. Wasu masu bincike 'yan ƙasar Holan, ƙarƙashin jagorancin Leo Zwarts, sun ƙirga tsuntsaye a kan itatuwa masu ɗimbin yawa a faɗin Sahel, suka gano cewa baƙin sun fi taruwa a kan itatuwa masu ƙaya irin su gawo da aduwa da dangin bagaruwa, alhali darbejiya da turare kusan fayau suke. Dalili kuwa a bayyane yake: gawo yana fitar da ganye da fure da rani, lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, don haka yana tara tsutsa da ƙwari, ita kuwa darbejiya ɗacin ganyenta korar ƙwari yake yi. Wannan ba aibu ba ne ga darbejiya, wadda inuwarta ta rufa wa garuruwan Arewa asiri, sai dai mai neman tsuntsu ya san inda zai kafa idonsa. Alaƙar baƙin da wannan ƙasa ta fi ƙarfin a kira ta ziyara, domin a 1969 masu ƙirga a Ingila sun wayi gari sun tarar wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da kimanin kashi 70 cikin ɗari a shekara guda, aka bi sawu aka gano cewa farin da ya fara afka wa Sahel ne ya cinye su.

Masu shigowa da damina

Yayin da waɗancan ke shirin tafiya, shamuwa tana kan hanyarta daga gabashi da kudancin Afirka, inda ta yi watannin da nan ake rani. Babu manomin da ke bukatar littafi kafin ya fassara ganinta: idan ta sauka a kan kuka ko tsamiyar tsakiyar gari ta fara jigilar ƙirare, to lokacin gyaran gona ya yi, a nemo iri a duba fartanya. Abincinta fara ne da tsutsa, shi ya sa take bin ruwan sama, shi kuma ya sa ake ƙyale ta ta yi sheƙa a tsakiyar mutane ba tare da an tsangwame ta ba. Shirwa ma takan ƙaru a wannan lokaci tana matsowa arewa, cilakowa kuma ana ganinsu jere suna tashi suna sauka daga itaciya zuwa itaciya da kukansu mai kama da busar sarewa. Al'amarin sheƙar cilakowa abin a tsaya a kai ne, domin macen takan shiga kogon itace ta liƙe ƙofar har sai ɗan tsagi ya rage, ta nan namijin zai riƙa miƙa mata abinci har ta ƙyanƙyashe.

A cikin gida da lambu kuwa, bazara lokacin fure ne ga wasu itatuwa tun ruwa bai sauka ba. Ɗorawa takan rataye jajayen tuntayenta, kauci yana fure a kan rassan da ya ɗafe, su kuma ƙananan tsuntsayen nan masu lanƙwasasshen baki da ake kira sha-kauci suna zarya a tsakani suna zuƙar zaƙi, gashin mazan yana walƙiya kamar ƙarfen da aka goge. Ɓaure ɗaya mai nunannun 'ya'ya ya isa ya riƙe mai kallo tun daga fitowar rana har hantsi, saboda shaya da tsirya da kulkulu da koren tattabarun daji duk a nan suke karin kumallo. Sai dai akwai abin da kan rikita sabon shiga: mulufi da zalaidu, waɗanda da damina ba a ɓata su saboda jan gashi da doguwar wutsiya, a bazara sun tuɓe adonsu sun koma launin ƙasa, har mutum ya rantse cewa wasu tsuntsaye ne dabam.

Duwatsun da ke gabashin Maiha suna da nasu jama'ar. Kazar dutse takan yi ta kiran juna da asuba daga cikin faffaɗan duwatsu, tana tafe da wutsiya a ɗage kamar ƙaramar kazar gida, sannan akwai wani jan shaho mai doguwar wutsiya da ke sheƙa a kan tsaunuka. Amma abin da ya fi jan hankalin masana a wannan jerin duwatsu ɗan ƙaramin jan tsuntsu ne, ɗan'uwan baiwar Allah da ke tsintar tsaba a tsakar gida, wanda ba a san da shi a ilmance ba sai a 1998, lokacin da wani Ba'amurke mai suna Robert Payne ya bayyana shi daga tsaunukan Jos. Yadda aka gano shi ya isa labari. Akwai wasu ƙananan tsuntsaye, mazansu baƙaƙe masu sheƙi, da ba sa gina sheƙa, sai macen ta saci jiki ta saka ƙwai a sheƙar dangin baiwar Allah, a ƙyanƙyashe mata a yi mata reno; ɗan da aka rena kuwa idan ya girma waƙar uban riƙonsa yake rerawa. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, to wannan kukan gidan da ya tashi yake yi. Da aka ji ɗaya daga cikinsu a Jos yana rera waƙar da ba ta dace da ta kowane sanannen tsuntsu ba, sai aka tabbata akwai wani uban riƙo da ba a sani ba, aka nema aka samu. Daga baya an sake ganin wannan jan tsuntsu a duwatsun Mandara, abin da ya sa duk wani ɗan ja da aka gani yana tsalle a tsakanin duwatsun Maiha ya cancanci a dube shi sau biyu, a lura ko bakinsa launin toka ne mai ratsin shuɗi, ba ja irin na baiwar Allah ba.

Kayan aiki da dabarar zama

Abu na farko da mai kallo ke bukata shi ne madubin hangen nesa mai ido biyu. A jikinsa akan rubuta lambobi biyu, misali 8 da 42: ta farko tana nufin yana kusanto da abu sau takwas, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne a ma'aunin milimita, wanda gwargwadon girmansa gwargwadon hasken da yake tarawa. Wanda ya wuce sau goma yakan yi rawa a hannu har ya gajiyar da ido. Ita kuwa kyamara, abin da ya fi muhimmanci a jikinta shi ne idonta, wato gilashin da ke gaba, kuma masu ɗaukar tsuntsaye sun fi amfani da mai tsawon milimita 300 zuwa 600. Sai kuma saurin ƙyaure, wato ɗan lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga kafin ta rufe: tsuntsun da ke zaune yana iya fitowa sarai a kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, mai tashi kuwa yana bukatar kashi ɗaya cikin 2,000 ko abin da ya fi haka sauri, in ba haka ba fukafukan su fito a dame. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka yi ittifaƙi a kanta ita ce a saita gani a kan idon tsuntsu, domin idan ido ya fito tas ana yafe wa sauran jiki. Waɗannan kaya suna da tsada ƙwarai, kuma ba sharaɗi ba ne. Wanda ya ɗora kyamarar wayarsa a kan idon madubin hangen nesa, ya jingina gwiwar hannu da katanga, zai sami hoton da ba zai ci gasa ba, amma ya isa a gane tsuntsun, wanda sau da yawa shi ne abin da ake nema.

Yanayin bazara yana da nasa sharuɗɗan. Rana tana fitowa wajen ƙarfe shida, kuma sa'o'i biyu zuwa uku na farko su ne na aiki, saboda tsuntsaye suna kiwo, haske yana zuwa a kwance yana fito da launi. Da hantsi ya ɗaga, zafin da kan kai digiri 40 yakan sa iska ta riƙa rawa a saman ƙasa, duk abin da aka ɗauka daga nesa ya fito kamar an gan shi ta cikin ruwa, kuma babu tsadar kyamarar da ke maganin wannan. Rana ta kasance a bayan mai ɗauka. Ƙura kuwa ita ce babbar abokiyar gaba: ba a sauya idon kyamara a fili cikin iska, ba a kuma goge gilashi da bakin riga, domin ƙurar da ke kai sai ta karce shi kamar yashi.

Sauran aikin duk zama ne. Maharban Hausa sun daɗe da sanin cewa dabba ba ta tsoron abin da ta saba gani, shi ya sa suke ɗaura kan burtu a goshi su yi ta rarrafe suna sunkuyar da kai kamar tsuntsun yana kiwo, har su isa kusa da barewa. Mai hoto ba ya bukatar kan burtu, amma darasin ɗaya ne: tufafi masu launin ƙasa, motsi kaɗan, da 'yar bukkar zana ko ta kara da aka kafa aka bari kwana biyu har tsuntsaye suka daina ganinta baƙuwa. A watan Maris kuwa babu abin da ke jan tsuntsu kamar ruwa. Kasko marar zurfi, wanda ruwansa bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ko biyu ba, idan aka ajiye shi a inuwa kusa da wani ɗan kurmi da za su iya faɗawa idan shaho ya kawo farmaki, aka sanya dutse a tsakiya, aka kafa busasshen reshe a gefe, cikin 'yan kwanaki zai zama mashaya. Baiwar Allah ce kan fara zuwa, ta sauka a reshen ta karkata kai ta duba sama, ta diro bakin kaskon ta tsoma baki sau uku ko huɗu tana ɗaga kai ruwan ya gangara. Bardo da kurciya kuwa sukan nutsa baki su zuƙa ba tare da ɗagowa ba, kamar yadda duk dangin tattabara suke sha. Wannan ɗan tsayawa a kan reshe kafin a sauka shi ne lokacin hoto. Ana sauya ruwan kullum don kada ya zama matattarar sauro da cuta, kuma ba a ajiye shi inda kyanwa za ta laɓe.

Akwai abubuwan da hoto bai kai a yi su dominsa ba. Sare rassan da suka rufe sheƙa don a sami sarari tamkar nuna wa hankaka da maciji hanya ne, kuma uwar da aka kora daga kan ƙwai da tsakar ranar Afrilu ba ta bukatar dogon lokaci kafin ƙwan ya lalace. Kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi yana sa namiji ya bar kiwo ya yi ta neman kishiyan da babu shi. Ta ɓangaren mutane kuma, Maiha ƙasar iyaka ce, tana cikin wuraren da rikicin Boko Haram ya shafa a ƙarshen 2014, don haka baƙon da ya ɓullo da dogon gilashi yana leƙen duwatsu dole ya jawo tambaya. Hankali shi ne a fara gaida jauro ko mai unguwa a bayyana masa abin da ya kawo mutum, a nemi ɗan gari ya yi rakiya, a kuma kauce wa shingen jami'an tsaro da cikin gidajen mutane. Rakiyar ma riba ce, domin makiyayi ko maharbin da ya tashi a wurin ya san ramin da ke riƙe ruwa har Afrilu da itaciyar da mujiya ke kwana, kuma yana da sunayen tsuntsayen da Fulatanci ko harshen Nzanyi, sunayen da su ma abin rubutawa ne.

Hoton da ke da rana da wuri

Nijeriya tana da nau'in tsuntsaye fiye da 900, amma sanin inda kowanne yake da lokacin da yake zuwa bai daidaita a faɗin ƙasar ba, kuma arewa maso gabas tana cikin yankunan da masu bincike suka fi ƙarancin ziyarta a shekarun rashin tsaro. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka kafa a 2001 a dajin Amurum kusa da Jos tare da haɗin gwiwar Jami'ar Jos, ita ce ke jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya da aka fara a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita tara a tsaye tara a kwance, ana kuma bukatar mai sa kai ya yi aƙalla sa'o'i biyu a cikin gida ɗaya yana rubuta duk nau'in da ya gani ko ya ji, ya aika ta manhajar BirdLasser. Akwai kuma eBird, rumbun da Jami'ar Cornell ta Amurka ke kula da shi tun 2002. Ɗalibin Jami'ar Jihar Adamawa ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, idan ya je hutu gida Mayo Nguli ko Konkol da waya a aljihu, yana da duk abin da wannan aiki ke bukata.

A nan ne darajar hoto take sauya ma'auni. Hoto mai kyau da ba a san ranar da aka ɗauke shi ko wurin ba ado ne kawai, alhali dishi-dishin hoton da ke ɗauke da kwanan wata da sunan ƙauye hujja ce da za a iya komawa gare ta bayan shekara ashirin. Ungulu ta isa misali. Dattawa suna tuna lokacin da ba a yanka dabba a mahauta sai ta yi dafifi a kan rufi, yau kuwa ana iya shafe watanni ba a ga ko ɗaya ba a garuruwa da yawa, saboda guba da farautar sassan jikinta don magani, ga shi ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sanya ta cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Raguwar ta faru a gaban idon kowa, sai dai da yake ba a ƙirga ba, ba a rubuta ba, labarin ya tsaya a bakin dattawa. Haka ranar da shamuwa ta fara sauka a wani gari, da adadin sheƙunan da ke kan kukar kasuwa, abubuwa ne da manomi ke gani kowace shekara, waɗanda littafin makaranta na naira kaɗan zai iya riƙewa.

Lokacin kallon tsuntsayen bazara yakan rufe ne da ruwan fari. Washegarin daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, ko ma da yammacin ranar, shinge, wato gara mai fiffike, kan ɓarke daga cikin ƙasa ya tashi sama kamar hayaƙi, sai shirwa da tsattsewa da shaya da tsanwaka su haɗu a wuri guda suna cafka a iska, kaji da yara kuma suna tsinta a ƙasa. Zuwa wannan lokaci galibin 'yan cin rani sun riga sun ƙetare hamada, karan da mai farar gira ke ɗarewa an tattara shi an ƙone ko an yi shinge da shi, marai kuma ya fara yanko ɗanyar ciyawa yana saƙa sheƙa a kan itaciyar ƙofar gari.